Ranar da Ƙamus Ya Faɗa Rijiya

Allah ya yi wa unguwar Mandawari gata da ya ba ta Honarabul Ɗanladi. Shekarar da soja suka koma bariki ya ci kansila, aka tura shi bita Abuja, ya dawo da tumbi da kalmar Turanci guda ɗaya. Ɗaya tak, amma ta ishe shi mulki. Tun daga nan ake kiransa Ƙamus, shi kuwa yana amsawa har da gyara hula.

"Tirasfasa," in ji shi a ƙofar zaure, yana kaɗa yatsa, "shi ne wanda ya shiga gidan mutum ba izini. Sallama gaisuwa ce kawai. Izini sai daga bakina, ido da ido, a nan bakin ƙofa. Dimokuraɗiyya ke nan."

Mai tallan koko ta zama tirasfasa. Masu ɗiban ruwa a rijiyar gidan, wadda unguwa ke sha tun zamanin kakansa, su ma haka. Har surukarsa sai da ta yini a dakali da ƙullin daddawa, matarsa Luba na kuka a ciki.

Wata Asabar da hantsi, hayaƙin girkin gidan maƙwabcinsa Malam Nata'ala ya tsallako katanga. Ƙamus ya taka bakin rijiya don ya yi wa hayaƙin kashedi. Santsi ya kwashe shi, sai ji aka yi tinjim.

Unguwa ta cika ƙofar gida, kowa na rangaɗa sallama, ba mai ɗaga ƙafa. Ruwa iya wuya, Honarabul na kururuwar a shigo. Nata'ala ya ce murya daga ƙarƙashin ƙasa ba ido da ido ba ce, ƙila ma aljani ne. Aka roƙi Luba ta ba da izini, ta ce ita ba kansila ba ce, ta ci gaba da tankaɗe.

Da muryar ta fara dusashewa, tausayi ya kama mutane. Rijiyar a jikin katanga take, sai suka zagaya gidan Nata'ala da izininsa, suka wurga igiya ta sama. Ƙarti suka yi ta ja har Honarabul ya fito daga rijiya, ya haye katanga, ya faɗo tim a tsakar gidan maƙwabci, ba hula, babbar riga na ɗiga.

Nata'ala ya tsuguna a kansa cikin ladabi.

"Sannu, ranka ya daɗe. To amma wa ya ba ka izinin shigowa?"