Yadda Za Ka Kashe Injin Fijo Mai Shekara Arba'in Cikin Wata Uku

Akwai tsohuwar mota a danginku da ta ƙi mutuwa? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. In injin ya kai wata huɗu yana numfashi, ka zo Jos Jarawa ka tambayi gidan Balaraba, ka zage ni. Ban yi boko ba, maƙwabciyata Tina ce ke rubuta abin da nake faɗa, amma ilimin nan a wurin gwani na gan shi da idona: mijin autata Kausar. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, suruki ne.

1. Samo motar

Kada ka saya. Wanda ya saya tausayi yake ji. Jira surukinka ya rasu, a yi sadakar arba'in, sai ka durƙusa gaban matarsa ka ce, "Mama, mota in ba a hawa lalacewa take yi. Bari in riƙa ɗan motsa ta." Za ta miƙo maka makulli, don sakarya ce. Ni ce sakaryar.

2. Kada ka ɗumama ta

Marigayi Malam kullum sai ya tayar da Fijon nan ya bar ta tana gunaguni a sanyin Jos har ya gama shan koko, wai baƙin mai ya zagaya ko'ina tukuna. Ɓata lokaci! Kai da ka murɗa makulli, take totur har ƙasa, kajin maƙwabta su watse. In inji ya yi tari, gaishe ka yake yi.

3. Baƙin mai

Duk wata uku Malam yana kai ta garejin Oga Benedict a juye mai a sa sabo. Kai kuwa sayi na kwalba a bakin titi ka ƙara a kan tsohon. Mai dai mai ne, ai ba miya za a yi da shi ba.

4. Jar fitila

Nan sirrin yake, ka buɗe kunne. A gaban direba akwai wata 'yar jar fitila da ke kamawa in mai ya yi ƙasa. Tana damun ido. Samo sitika ka liƙe a kanta. Gwanin namu ta ƙungiyar ƙwallonsa ya liƙa. Kausar ta ce, "Baban Mahdi, ba wuta nake gani tana ci a ƙarƙashin nan ba?" Ya ce, "Ke me kika sani a mota? Tun da na rufe ta, ta ƙara damun wani?"

5. Lodi da hawa

Motar da ba ta taɓa ɗaukar abin da ya wuce ni da buhun masara ba, cika ta da doya tun daga Akwanga, but da kujerar baya har da saman rufi, ka doshi Hawan Kibo da rana tsaka. Lagireto zai tafasa. Kada ka jira ya huce, masu jira ba su da abin yi ne. Fasa ledar fiya wata mai ƙanƙara guda shida ka ɗura masa. Za ka ji ƙas! Ka ci jarrabawa ke nan. Nemi mai janwe.

6. Ɗora wa tsufa laifi

Ka zo da fuskar ta'aziyya: "Mama, kwananta ne ya ƙare, kowa da lokacinsa." Amma ka yi hattara kada tsohuwar ta ɗauko Oga Benedict a Keke. Ni na ɗauko shi. Ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya cire hularsa. Ya ce, "Mama, wannan mota bai tsufa ba. Inji irin wannan, ka ba shi mai, ka ba shi ruwa, shi zai binne ni da kai. Kashe shi aka yi. A kawo min gareji, zan tashe shi."

7. Kira 'yan gwangwan

Kada ka yarda ta je gareji, can za a ɓare sitika a gaban mutane. Shirya da 'yan gwangwan su zo ranar Asabar su yanka ta su auna a sikeli. Ka ja wa matarka kunne kada ta gaya wa uwarta. Za ta gaya mata kafin ka kai ƙofa.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo bayan wannan darasi, babu hannuna, babu na Tina. Musamman in ranar Asabar 'yan gwangwan suka iso ƙofar gidanka a Kabong suka tarar da wata tsohuwa a kujerar gaba, ta danna makullan ƙofa, ga fulas ɗin kunu, ga carbi, ga bargo, ga unguwa ta taru tana kallo. Wanda zai auna motar Malam, da ni a ciki zai auna. Ba inda zan sauka sai garejin Benedict. Kuma tunda injin ba ya tashi, Baban Mahdi, kai za ka tura.