Ranar da ɗiyata ta fito a matsayin Baba

Akwai wata Laraba da ko na so in manta da ita, mutanen unguwarmu ba za su bari ba. Shekara guda ke nan da muka baro Moriki muka dawo Ƙaura Namoda saboda rashin kwanciyar hankali, na sa ɗiyata Ummi, 'yar shekara huɗu, a wata makarantar rainon yara. Kullum sai ta dawo da laka a riga. In na tambaye ta abin da aka koya masu, sai ta ce, "Wasa munka yi." Abin ya ishe ni. Ranar da aka gayyaci iyaye, na sa babbar riga na tafi da niyyar in faɗa wa malamarsu, Malama Saratu, cewa ni karatu na kawo ta yi.

Na faɗa ɗin kuwa, da ƙarfi, a gaban iyaye sun fi ashirin (har da limamin masallacinmu, wanda jikansa ke ajin). Malama ba ta yi musu ba. Ta ce, "Alhaji, zauna ka ga wasan nasu tukuna, sai mu yi magana."

Yara suka shimfiɗa tabarma, suka jawo wani babban kwali suka ce gado ne. Ummi ta ɗauki hular wani yaro ta kifa a ka, ta tura ciki gaba, ta ce, "Ni ce Baba." Na yi murmushi, har ina gyara zama. Sai wata yarinya ta haɗa katako biyu, tau! Ummi ta daka tsalle ta ce, "Innalillahi, sun zo!" ta watsar da hula, ta cusa kai cikin kwali, ƙafafu a waje suna rawa.

Nan take na gane abin da take kwaikwayo. Wata biyu kafin nan, da la'asar, tayar wata babbar mota ta fashe a bakin titinmu, na ɗauka harbin 'yan bindiga ne. Ban san lokacin da na faɗa ƙarƙashin gado ba (rabina ne ya shiga, sauran ya ƙi), matata ce ta rungume yara. Na ɗauka mun rufe maganar. Ashe ba mu rufe ba, don Ummi ta fito daga kwali, ta kakkaɓe riga, ta nuna 'yar da ke matsayin uwa da yatsa ta ce, "Takalmina nika nema. Kuma kada ki hwaɗa ma kowa!"

Aji ya kaure da dariya. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na girgiza.

Malama Saratu ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa ta ce, "Ummi, Baba ya ji tsoro ne?"

"A'a, Baba ya ce maza ba su tsoro. Ni ce na ji."

Wannan ya fi dariyar yi mini ciwo. Bayan an watse, Malama ta faɗa mini sati uku ke nan Ummi na maimaita wasan nan. Da farko da kuka take ƙare shi, ta ƙi barin kowa ya taɓa ta. Yanzu ita ke fitowa da kanta ta ce wa sauran, "Taya ce, ku hito." Ni da muke kwana gida ɗaya ban san tana ɗauke da wannan fargabar ba. Maganar karatun da na zo da ita kuwa, ko sake tayar da ita ban yi ba.

A hanyar gida na ɗora ta a gaban babur, na yi ta maza na ce, "Ummi, ranar nan ni ma na ji tsoro." Ta waiwayo ta ce, "Na sani, Baba. Ba ka da takalmi ƙarƙashin gado."

Har yau in na shiga masallaci wani sai ya tambaye ni ko na ga takalmina. Abin da na koya dai shi ne, in za ka ce wa matarka ta rufa maka asiri, ka fara duba wa ke tsaye a bayan zanenta.