Matan Nan Mayya Ne

Ko da zan manta ranar da aka kai ni ɗakin miji, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a Legas ba. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai ina tsakar girki, sai in ji kamar in shige tukunyar in ja murfi.

Maigidana aka yi wa canjin wurin aiki daga Zariya zuwa Legas. Ya riga mu tafiya, ya bar ni da yara biyu a Samaru, yana can raɓe a ɗakin wani abokinsa yana nema mana gida. Wata da watanni yana fama da dillalai. Wannan ya kai shi gidan da ruwa ke kwana a falo, wancan ya kai shi wanda sai an tsallaka kwata a kan katako kafin a shiga. Daga ƙarshe aka dace da wani a Surulere, ciki biyu da falo, kusa da ofishinsu, ga makarantar yara a bayan layi. Abu ɗaya ya rage. Mai gidan, wata dattijuwa Bayarabiya da ake kira Mama Folake, ta aiko dillali ya ce ita ba ta ba mai iyali haya sai ta ga matarsa da idonta. Shi ne ya ce in zo in yi kwana biyu, in ga gari, ita kuma ta gan ni.

Ni kuwa a lokacin ji nake duk Arewa babu wayayya kamata. Haifaffiyar Samaru ce fa, a gindin jami'a na tashi (ban taɓa wuce Abuja ba, amma wannan ba a faɗa). Da maƙwabciyata ta ce, "Maman Nabila, Legas fa sai a hankali," taɓe baki na yi. Na ce mata wanda ya iya ratsa kasuwar Sabon Gari ranar jajibirin Sallah ya fito da jakarsa, babu garin da zai ba shi tsoro.

Tun daga tasha na fara raina garin. Zafinsu ma ba na mutunci ba ne. Namu ya ƙona ka ya bar ka a bushe, nasu kuwa manne maka yake kamar an shafe ka da koko. Motocin haya rawaya duk sun lotse, kwandasta rataye a ƙofa yana ihu kamar gidansu ya kama da wuta. Kowa sauri yake, ba mai ce wa wani sannu. Muka hau doguwar gadar nan da ake ta zuzutawa, maigidana bawan Allah yana nuna mini ruwa dama da hagu cike da murna, ni kuwa na ce to sai me, ga shi an shanya mu a kanta mota ta ƙi motsi. Ya kai ni bakin teku, na dube shi sheƙeƙe na ce ai wannan dam ɗin jami'a ne ya yi ƙiba. (Gaskiyar magana tsoro ne ya cika ni. Da igiyar ruwan ta taso, gudun da na yi ko 'yar firamare albarka, kuma takalmina ɗaya yana can har yau.)

Amma akwai abu guda da ya yi mini daɗi a garin, shi ne kuma ya kai ni ya baro. Na lura ba mai jin abin da nake faɗa. A Zariya ba ka isa ka yi gulmar mutum da Hausa a gabansa ba, don ko mai kayan gyaran mota na Sabon Gari sai ya mayar maka da karin maganar da kakarka ba ta sani ba. A nan kuwa sai na ga an sakar mini mara. A cikin bas na yi sharhi a kan ɗaurin ɗankwalin wata, na auna tumbin wani, na ce kwandastan ya yi kama da wanda ya shekara bai ga sabulu ba. Ba wanda ya ko waiwayo.

"Maman Nabila, ki riƙa tauna magana," in ji maigidana.

Na ce, "Wa zai ji? Bar ni in sha iska."

Ranar Asabar da hantsi muka je ganin mai gida. Gidan kam ya yi, ko ni mai raini ban sami abin kushewa ba, har na gama zaɓar inda zan jingina firij a raina. Muka hau sama muka tarar da Mama Folake zaune a baranda, tabarau a kan karan hanci, Littafi Mai Tsarki a kan cinya. Muka gaisa da Turanci. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta sake dubana daga ƙasa har sama, sannan ta kafe ni da ido ba ƙiftawa. Sai ta shiga karanto dokoki. Ba a daka da sassafe. Ba a shanya a gaban gida. Ba ta son tarin baƙi. Sharar matakala kuma bi da bi ake yi, ta tambaye ni ko na iya riƙe tsintsiya.

Ni? Da digirina? Raina ya ɓaci, amma na washe baki ina gyaɗa mata kai kamar ƙadangaruwa. Ina cikin murmushin nan na karkata wajen maigidana, ban ko rage murya ba, na ce, "Baban Nabila, ka ga idonta kuwa? Wallahi matan nan mayya ne. Shi ya sa gidan ya zauna ba kowa, ta cinye 'yan hayan. Ga rowan tsiya, ko ruwa ba ta ba mu ba."

Ya take mini ƙafa. Na janye abata na ci gaba da murmushi.

Matar ta ajiye littafinta. Ta cire tabarau, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga ciki. Can sai ga ta da faranti da kofi biyu. Ta ajiye a gabana a hankali, ta buɗe baki da Hausa tatacciya, irin ta tsofaffin cikin ganuwa.

"Ga ruwa, 'yan nan. A yi mini aikin gafara, tsufa ne."

Jama'a, na ga tashin hankali. Kunnuwana suka yi ɗum, gumi ya karyo mini har cikin hijabi. 

"'Yar wace unguwa ne ke a Zariya?" ta tambaya tana komawa kujerarta. "Don da Bakanuwa ne ke, 'matar nan mayya ce' za ki ce. Mu ne muke cewa 'mayya ne'."

Da ƙyar na ce, "Samaru, Mama."

"Allah sarki, Samaru. Ni a Muchiya ta Sabon Gari aka haife ni, babana ma'aikacin reluwe ne. Can na yi aure, can na haifi yarana duka, ina sai da atamfa a shagunan PZ. Sai da maigidana ya rasu yara suka ɗauko ni suka kawo ni nan."

Wato ni da na san duk wani ɗan Sabon Gari yana jin Hausa, ko sau ɗaya ban taɓa kawowa a raina cewa su ma suna komawa garinsu ba. Kuma maimakon in durƙusa in ba da haƙuri, sai shaiɗan ya sake ba ni shawara. Na ce, "Mama, ai ba haka na ce ba. Cewa na yi matan nan mai kyau ne."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Mai kyau ɗin ne ta cinye 'yan haya?"

Daga nan dariyar ta ɗauke. Ta ce tun ranar da dillali ya gaya mata mutanen Zariya ne take murna, har ta hana wasu biyu gidan, don ta gaji da yin Hausa ita kaɗai a cikin ranta. Ta ce da gangan ta tare mu da Turanci, so take ta ba ni mamaki idan mun gama magana. Wannan ya fi zagi yi mini ciwo.

Sannan ta juya wajen maigidana. "Ɗana, kai ba ka da laifi, na ga kana taka mata ƙafa. Amma yaranku ƙanana ne. Ranan da ɗaya ya yi zazzaɓi, ni za a kalla. Ku je ku nemi gidan da ba mayya."

Ya roƙa, na roƙa, har da hawayena. Ta ce ta yafe duniya da lahira, amma gida kam a'a. Har bakin matakala ta rako mu, ta ce in gaida mata Zariya.

Ni da maigidana muka taka har bakin titi. Can ya ce, "Kin ga gari?" Na ce na gani. Ya ce, "To gobe sai ki koma." Na koma Samaru maƙwabta suna tambayar yaushe ne tafiya, ina ce musu gidan ne bai yi mini ba.

Gidan da aka samu daga baya yana can Ikorodu, ƙarshen duniya da kwana ɗaya. Maigidana yana fita yara na barci, ya dawo sun yi barci, sai ranar Lahadi suke tuna kamanninsa. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ni kuwa burina ya cika, na sami unguwar da ba mai jin abin da nake faɗa. Sai in wuni ban yi Hausa da babban mutum ba.

Baki shi ke yanka wuya, an faɗa, ni dai nawa gida sukutum ya yanka. Yanzu duk wanda na haɗu da shi a garin nan, ko ɗan Sin ne, sai na fara ce masa "sannu" na tsaya na saurara. Da farko don tsoro nake yi. Yanzu kam addu'a nake wani ya amsa.