Jan hankicina da jirgin Legas

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka je Legas neman wa ɗana Ayuba aure. Gaskiya har na yanke shawarar in bar labarin nan a cikina, sai na ji Baba Bitrus ya riga ya ba da shi a Kagoro, ya ba da shi a kasuwar Zonkwa, har ya tsaya a coci ya ba da shi a matsayin shaida. Tunda haka ne, gara ku ji daga bakina.

Ni ɗan reluwe ne. A kwatas ɗin ma'aikatan jirgi na Kafanchan aka haife ni, marigayi babana shi ke juya wa jirgi layi. Muna yara kukan jirgi ne agogonmu. Kuma jirgi in ya shigo Kafanchan ba ya gaggawa. Fasinja zai sauka ya ci tuwo, ya sayi rake, ya gaisa da 'yan'uwa, wani har aski yake yi. Ba inda jirgi za shi sai mai tuta ya busa usur ya ɗaga kore. In kuwa akwai matsala, ka ɗaga jan ƙyalle, ko wane iri ne, dole direba ya taka birki. Wannan na iya shi tun kafin in iya rubuta sunana.

Da na girma na yi yawo, Fatakwal, Kwatano, Akara, har Nairobi na je taron coci. Duk inda aka taɓo zancen jirgin ƙasa sai in gyara zama. (Maman Ayuba in ta ga na gyara zama sai ta tuna ta bar miya a wuta.)

Yarinyar da Ayuba ke so sunanta Ngozi. Babanta, Mista Okafor, shi ma a kwatas ɗinmu ya tashi, ya yi aikin tuƙin jirgi har ya yi ritaya ya zauna a Legas. Shi ba shi da matsala, amma 'yan'uwansa da suka zo daga gida ba su cika son zancen ba, suna cewa me ya kai yarinya arewa. An sa mana ƙarfe biyu na ranar Asabar. A wajenmu uba ba ya buɗe baki a wurin neman aure, sai babba. Babbanmu kuwa Baba Bitrus ne, ƙanen babana, manomin citta, ya haura saba'in, bai taɓa wuce Abuja ba. In babu shi, babu magana.

Ayuba ya yi gaba da kaya a mota tun da safe saboda cunkoso, ya ce mu mu biyo sabon jirgin cikin gari. Ya ba mu katin shiga, ya rubuta adireshi ya sa wa Baba a aljihu.

"Dadi, tasha ta biyar za ku sauka. Don Allah kada ku sauka ko'ina kafin nan."

"Ayuba, ni za ka koya wa jirgi? Kai da a asibiti aka haife ka?"

Har wayar Baba na karɓa na sa a aljihuna, na ce masa ɓarayin Legas ba su san tsoho ba.

Zuwana Legas na baya, na ga tsohon jirginsu daga nesa, mutane a kan rufi, wasu sun maƙale a ƙofa da hannu ɗaya. Yanzu an gina tasha mai bene, an kewaye layi da shinge, ka taɓa kati ƙofa ta buɗe maka. Sai dai mutane ba su ragu ba, garin kullum ƙaruwa yake. Muka shiga da kyar. Wata mata ta tashi ta ba Baba kujera, ni na tsaya a bakin ƙofa ina yi masa bayani da ƙarfi yadda kowa zai ji: wannan birki ne, wancan ƙarar mahaɗar layi ce. Na ce da za a yi irin wannan daga Sabon Tasha zuwa cikin Kaduna, da mutane sun huta. Baba dai yana rungume da jakarsa yana cewa, "To. To."

A tasha ta uku jama'a suka yo kaina za su fita. Sai na sauka na ba su hanya, kamar mai hankali. Da suka gama fita ban koma ba. Na miƙe ƙafa, na gyara hula, na duba gaba na duba baya ina neman mai tuta. Baba ya leƙo ya ce, "Kai, shigo mana."

"Baba, kwantar da hankalinka. Ba a busa usur ba."

Har na fara takawa wajen kan jirgin in gaida direba, don mu 'ya'yan reluwe ba ma wuce direba ba gaisuwa. Sai na ji wani abu yana fii, fii, fii. Na ciro wayata na duba. Na ciro ta Baba na duba. Ina ɗago kai na ga ƙofofi sun haɗe, shiru, babu wanda ya taɓa su. Ga fuskar Baba a gilashi. Jirgi ya ja.

Nan ne ilimin babana ya taso. Ina da jan hankici a aljihun gaba, Maman Ayuba ta sa mini don ya dace da hula. Na fizge shi na ɗaga sama, na bi jirgi da gudu cikin babbar riga, ina kaɗawa ina ihu, "Ja! Ja! Tsaya!" Da Hausa, a Legas. Takalmina ɗaya ya fita. Jirgi ko tari bai yi ba.

Wata ma'aikaciyar tasha ta damƙe ni a ƙarshen dandamali. "Oga, yu wan dai?" Wato mutuwa nake so? Ina haki na gaya mata da Turanci cewa babana ma'aikacin reluwe ne. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce to a gaishe shi. Ina juyowa na ga wayoyi kamar goma a kaina, wani bawan Allah kuma ya miƙo mini takalmina da hannu biyu.

Na shiga jirgi na gaba, na sauka a tasha ta huɗu, babu Baba. Na sauka ta biyar, babu Baba. Na wuce har ƙarshen layi na dawo. Ina cikin haka wayarsa ta yi ƙara a aljihuna, Mama ce, matar Baba, daga Kagoro. "Yaya Babanku?" Na ce yana lafiya, ya ɗan zagaya. (Ubangiji ya gafarta mini, ni da nake dattijon ikilisiya.) Ayuba ya kira sau shida ban ɗauka ba, don ban san ta inda zan fara ba. Da ya gaji sai ya turo mini adireshin gidan kawai ta saƙo.

Ƙarfe huɗu saura na isa gidan, rigata sharkaf da zufa, ina shirya yadda zan ce wa surukai na ɓatar da tsoho. Ina shiga falo na tarar da Baba Bitrus a kujerar tsakiya, ya cire takalmi, yana shan lemo. Tun kafin biyu ya iso. Matar da ta ba shi kujera ya nuna wa takardar Ayuba, ta sauka da shi ta sa shi a keke mai ƙafa uku.

"Ga shi nan," in ji Baba. "Mai jar tuta ya zo."

Falon ya ɗauka da dariya, har da 'yan'uwan nan masu ɗaure fuska. Ashe da aka tambaye shi ina uban yaro, bai ɓoye komai ba, har tashi ya yi ya gwada gudun. Daga nan aka saki jiki, ya yi maganar da ta kawo mu, aka karɓa.

"Ni da ban san jirgi ba," in ji Baba, "inda aka ajiye ni nan na zauna."

Tun daga ranar, in yaro ya ce mini kada in sauka, ba na sauka. Zancen jirgi kuma in an taɓo shi, nakan bar Maman Ayuba ta zauna ta huta.

Da za mu tafi, Mista Okafor ya rako ni bakin get, ya riƙe hannuna, ya yi ƙasa da murya cikin Hausarsa ta 'yan kwatas.

"Suruki, tsakaninka da Allah, kafin yau, yaushe rabonka da shiga jirgin ƙasa?"