Ranar Da Na Ɗora Kifin Surukai A Sikeli

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je gaida surukaina ba, ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa tambayar jikokina sunana. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Bagudo, ina kuma neman auren Balkisu, 'yar wani babban masunci a wani ƙauye na bakin kogin Kwara, dab da iyakar Benin. Magana ta yi nisa, amma ba a sa rana ba. Abin da ya rage shi ne in je in gaida mahaifinta da yayarsa, Gwaggo Kulu, wadda ke aure a tsallaken iyaka. A gidan nan in Gwaggo ta ce a'a, to magana ta mutu. Ga shi an raɗa mini cewa ita ɗan mijinta take so a ba, wani mai jirgin ruwa na inji. Ni kuwa ban da alli da tumbi ba ni da komai.

Tumbin nan shi ya jawo mini. Tela ne ya zagaya ni da tef a shagonsa, ya ɗaga murya ya ce, "Malam, wannan karon sai ka ƙaro yadi." Aka kwashe da dariya. Na koma gida raina a ɓace, na ɗau waya ina neman yadda ake rage ƙiba, sai na faɗa wani shafin intanet da ya tara bayanan abinci. Ka rubuta sunan abu, ka faɗi nauyinsa, nan take ya gaya maka kalori nawa ne a ciki, da yawan mai, da yawan sukari. Kai jama'a! Murnar da na yi ranar ko ta samun aiki ba ta kai ta ba. Na nemo gyaɗa, na nemo wake, na nemo dabino, na nemo kankana. Ashe shekara da shekaru ina cin abinci a makance!

Shafin bai san tuwon shinkafa ba, bai san miyar kuka ba, amma wannan bai karya mini gwiwa ba. Sai in warware tuwon zuwa shinkafa, miyar zuwa mai da nama, in shigar da kowanne daban. Matsala ɗaya, komai sai ya tambayi nauyi. Don haka na sayi ɗan ƙaramin sikeli mai batir wurin wani mai kawo kaya daga Kwatano, wanda ke shiga aljihun babbar riga ba wanda ya sani. Daga nan na zama annoba a ofishin malamai. Mutum zai kai ƙosai baki in ce masa, "Ka san abin da kake shirin yi wa kanka?" (Har ta kai in na shigo, masu kalaci su juya mini baya.) Ni kuwa gani nake ina ceton al'umma. Kuma wallahi wandona ya fara sakewa, abin da ya ƙara mini ƙarfin kai ke nan.

Ranar Asabar muka hau babur da abokina Nasiru, mutumin Geza, muka isa ƙauyen bayan azahar. Aka sauke mu a zaure, aka shimfiɗa mana sabuwar tabarma. Can sai ga abinci: tuwon shinkafa fari tas, da wani yanki na giwan ruwa, tsakiyarsa mai kitse, yana ninkaya cikin romo. Aka saki asabari aka bar mu mu kaɗai, don kowa ya san mai neman aure ba ya cin abinci a gaban surukai.

Ƙamshi ya cika zauren. Nasiru ya wanke hannu ya yi bisimilla. Ni kuwa zuciyata ta tafi wani wuri: ban taɓa shigar da giwan ruwa a shafina ba! Na sa hannu a aljihu na zaro sikeli.

Nasiru ya zaro ido. "Kai, don girman Allah mai da abin nan."

Na ce, "Minti ɗaya. Wa zai gani?"

Na ɗora murfin kwano a kai, na tsamo kifin na ɗora, lamba ta fito. Saura shafi. To a bakin iyakar nan waya ba ta da amana, sai ta saki layinmu ta kama na Benin, shafin ya tsaya yana ta juyawa. Na miƙe tsaye, na ɗaga wayar sama wajen 'yar taga, ina ɗage kamar mai tsinkar mangwaro. Kifin surukai kuwa yana can ƙasa a kan sikeli, romo na ɗiga a sabuwar tabarma.

(Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, a wurin masuntan nan sikeli kayan 'yan sari ne, masu zuwa da mota suna ƙorafin kifi bai cika ba. Kifin da aka ba baƙo ba a auna shi, ba a ma faɗin girmansa. Ka auna, to ka ce an yi maka rowa.)

"Salamu alaikum."

Asabari ya ɗaga. Gwaggo Kulu ce da kanta, riƙe da ƙwaryar fura. Ta dubi kifin, ta dubi sikelin, ta dube ni da hannu a sama. Ta ajiye ƙwaryar a hankali ta ce, "Malam, nawa yak kai?"

Nan ne fa na kashe kaina. Da na yi shiru da ya fi. Amma tsabar ruɗewa, da sabon amsa tambaya a aji, sai na sunkuya na karanta mata lambar, tiryan-tiryan, har da ɗigo. Nasiru ya cusa fuska cikin hularsa.

"To, madalla," in ji ta. "Bai cika ba ke nan."

"A'a Gwaggo, ya cika, ya ma yi yawa! Kitsen nake gudu, saboda lafiya."

"Awo. Kihinmu ciwo na." Ta juya ta fita.

Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga cikin gida muka ji wata mata ta saki salati. Nasiru ya ce, "Shi ke nan, mai jirgi ya samu mata." Na tuna Balkisu tana can ciki tana jin abin da na aikata, idona ya kawo ruwa. Na cusa sikelin a aljihu da romonsa da komai.

Ba a jima ba sai ga mahaifin Balkisu ya shigo, dogon dattijo mai faɗin kafaɗa, Gwaggo na biye. Muka zube muna gaisuwa. Ya amsa ba yabo ba fallasa, ya zauna a bakin ƙofa. Sai aka turo wani faranti, irin wanda ake ɗora wa mutanen biki, an shirya giwan ruwa a kai tun daga kai har wutsiya.

Ya ce, "An ce mani wanda anka kawo bai cika ba. Tun kakana ba a taɓa cewa haka ga gidan ga ba. Bisimilla."

"Baba, a yi haƙuri, wallahi ba haka..."

"Bisimilla, Malam."

Ka ga mai neman aure yana cin abinci a gaban suruki, kunya kan kunya. Amma na gane cewa aurena yana cikin farantin nan. Na naɗe hannun riga na fara. Na ci tsakiya, na ci kitsen ciki, na tsotse ƙaya. Zufa ta jiƙa mini hula. Duk sa'ad da na sassauta, sai Gwaggo ta tura mini wani yanki da ɗan yatsa ta ce, "Ga maganin lahiya nan." Nasiru ya kai hannu zai taimaka, dattijo ya ce, "Kai ba ka yi ƙorahi ba." Kuma abin haushi, kifin nan daɗi gare shi, irin daɗin da ban taɓa ji ba. Tun ina ci don tsoro har na koma ci don Allah da Annabi.

Da na kai ga kan kifin na fara fasa shi ina zuƙe romon ciki, sai na ji Gwaggo ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Ta ce wa ƙanenta, "Bar shi hakanan kar shi mutu muna. Wanga ba mai raini ba na, wauta ta ad da shi. Wauta kau ana zama da ita."

Wannan ita ce shaidar da aka ba ni, kuma da ita aka sa rana. A hanyar komawa Nasiru ne ya tuƙa, ni ina baya a sanƙame, kowane rami sai na yi kalmar shahada.

Yau shekarunmu da yawa da Balkisu. Ina nan ina leƙa shafina, ina kuma auna tuwona, amma a gidana, ƙofa a rufe. Na koyi cewa abin da aka ba ka don girmamawa, cinye shi ake yi a yi godiya, lissafi ya jira gobe. Gwaggo Kulu kuwa ba ta yafe gaba ɗaya ba. Duk lokacin da ta aiko mana da kifi daga tsallake, sai direban da ya kawo ya tsaya a ƙofar gida, a gaban maƙwabta, ya ɗaga murya ya isar da saƙonta: "An ce a gaya wa Malam, ba a auna ba, shi duba da kainai."