Kiɗan da Na Rataye a Riruwai

Zamanin Turawan kuza ne, ranar bikin ɗan helma, shugaban leburori. Na ajiye garayata na ari jitar akawun kamfanin kuza. Shi ya koya mini wani kamu: ka danne tsirkiya da ƙaramin yatsa, amo ya rataye a sama, sannan ka ɗaga yatsan ya sauko. Na ce a raina, wanda ya girma da tsirkiya biyu, shida za su gagare shi?

Al'adar 'yan rawarmu, in makaɗi ya riƙe kiɗa, kowa zai ɗaga ƙafa, ba ya direwa sai an saki. Na riƙe, leburori suka ɗaga, har da helma da tumbinsa.

Sai na manta yatsan da ake ɗagawa. Na gwada manuni, abin ya ƙara dagulewa. Na waiga, akawu ya tafi cin tuwo.

Helma yana tangaɗi ya ce, "Makaɗi, mu sauka ko mu kwana a nan?"

Kafin in amsa ya faɗa kan ƙwaryar fura.

Har yau in na shiga kasuwa, tsofaffi a tsaye kan ƙafa ɗaya suke gaishe ni.