Ranar da na ɓatar da jallabiyar ango

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na mayar da angon mutane kai zalla, babu gangar jiki.

Lokacin ina karatu a Khartoum, ina ɗan taɓa ɗaukar hoto. Abokina Usman ya ce in ɗauki bikin yayarsa a Umdurman. Tun bai rufe baki ba na amsa, saboda ƙanwarsa Nafisa. (Ita ba ta san ina yi ba. Ni kuwa har sunayen 'ya'yanmu na zaɓa.) Burina ɗaya ne: ta ga hotunan nan ta dube ni, babanta ya san da zamana.

Bayan biki, da na zauna gyaran hotunan a kwamfuta, Usman ya ce, "Kai mutumina, danna maɓallin nan mai daidaita haske da duhu da kansa, ka huta."

Na ce, "Na'ura ta san kyau ne?"

Bayan ya tafi na danna. Hoto ya fito tas, amma Nafisa ta fito mutum kamar kowa. A littattafan da nake karantawa kuwa, budurwa in ta shigo ɗaki sai fitila ta ji kunya. Sai na soke, na kama ƙara haske da hannuna, ina ja ina murmushi, har goshinta ya fara walƙiya. Daɗi ya kwashe ni, na kwafi gyaran na zuba wa hotunan bikin gaba ɗaya. Na manta cewa da aka ɗauke wuta na dusashe fuskar kwamfutar don batir ya kai ni. Abin da nake gani daidai, ashe ya ƙone fari fat.

Ranar Juma'a na sha turare, na hau rakasha, adaidaita-sahun can, sai gidan su Usman. Dangi sun cika falo ana shayi, aka jona kwamfutata a babbar talabijin.

Hoton farko: ango da farar jallabiya da farin rawani, gaban farin bango. Jallabiya ta tafi. Rawani ya tafi. Fuska da gashin baki kawai ke shawagi a iska.

Kakarsu ta dafe ƙirji. "A'uzubillahi! Ina sauran yaron?"

Amarya ta ga baƙin ƙunshin da aka yini ana zana mata ya koma ruwan shayi da madara, ta saki salati. Sai ga Nafisa: idanu biyu da ƙofofin hanci, shi ke nan.

"Yaya Usman," ta ce tana riƙe ciki, "abokinka aljana ya ɗauke ni?"

Babansu ya ajiye kofi. "Ɗana, akwai na asalin?"

Akwai. Usman ya danna maɓallin nan a gaban kowa, ango ya dawo da jikinsa, har da guɗa.

Burina dai ya cika: Nafisa ta dube ni, babanta ya san da zamana. Har yau "Mai Haske" suke kirana a gidan. Tun ranar, in zuciyata na rawa, na'ura nake bar wa aikin. Ita ba ta taɓa karanta littafin soyayya ba.